Tsohon gidan mai da aka rufe: za a iya mayar da shi shaguna da gidan abinci?

Abu Sadiq:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da ta mai. Akwai wani tsohon gidan mai a bakin babban titi a nan Kano da aka sa a kasuwa. Filin ƙafa 100 ne ta gaba, 150 zuwa baya. Tankuna uku ne a binne, biyu na fetur masu cin lita 33,000 kowanne, ɗaya na dizal. Rumfar tana tsaye, akwai ofis mai ɗaki uku, da ramin juyen baƙin mai a gefe. An cire famfunan, kuma an daina sayar da mai a wurin sama da shekara biyu.

Abin da ake so a yi shi ne a jera shaguna kamar 12 a gefe da baya, a mayar da ofishin gidan abinci, a bar ƙarƙashin rumfar wurin ajiye motoci. Dillali ya ce tankunan babu komai a ciki, yashi kawai za a zuba a rufe bakinsu da kankare a ci gaba da gini. Maganar nan tasa haka take? Waɗanne takardu ya kamata a gani kafin a ba da ko sisi? Sannan tsohon ginin da rumfar za su moru, ko rushewa ta fi? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Gwale:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiq. Bari in fara da tankunan, domin su ne za su iya cin rai. Sauran matsalolin asarar kuɗi ce kawai.

Tankin da aka ce babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari. Bututun da ke zuƙo mai ba ya kai wa gindin tanki, da gangan ake ɗaga shi 'yan inci don kada ya kwaso ruwa da datti. Saboda haka ko famfo ya daina kawowa, akwai saura a kwance: fetur, ruwa, tsatsa da wata baƙar laka. Kuma ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Daga kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke cikin tanki, tartsatsi ɗaya ya isa. A tanki mai lita 33,000, fetur kamar lita 3 idan ya zama tururi ya kai wannan mizanin. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya fice don an buɗe murfi, kwanciya yake yi a gindi, kuma shekara biyu ba ta korar sa. Ranar da mai walda ko ɗan gwangwan ya ɗora giranda a kan ƙarfen, ranar ce ake jin mummunan labari.

Ga yadda ake yi. A katse wutar lantarkin wurin gaba ɗaya, a killace, a hana taba da janareta da murhun mai shayi kusa. A zura sandar awo da aka shafa wa man nan mai canja launi idan ya taɓa ruwa, don a san nawa ne mai, nawa ne ruwa a kowane tanki. A tsiyaye abin da ya maƙale a bututan ya koma tanki, sannan a zuƙe da famfon hannu ko wanda iska ke tuƙawa. Kada a kawo famfon ruwa na lantarki irin na gida, injinsa yana tartsatsi. Lakar a zuba ta a duro a ba masu kwashe irin wannan shara, kada ta shiga kwata. Bayan nan a wanke, a cika tankin da ruwa har baki don ya turo tururin waje ta bututun shaƙar iska, wato dogayen bututan nan da kake gani a tsaye jikin katanga. Kada a yanke su sai an gama. Idan an zuƙe ruwan, a auna da na'urar gano gas a sama da tsakiya da gindin tankin. Sai ta nuna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin mizanin kamawa da wuta, wato kashi 1.4 ɗin nan, kafin a taɓa komai. Kuma kada a tura yaro ciki da bokiti, babu iskar shaƙa a wurin.

Sannan a haƙe, a toshe bakunan a bar 'yar ƙaramar kafa guda, a ɗaga da ƙugiya. A sake aunawa kafin a yanka, ko da jiya aka auna, domin tsatsar jikin ƙarfen tana riƙe mai, rana na dukan tankin sai tururin ya dawo.

Maganar zuba yashi kuwa, akwai inda ake barin tanki a binne, amma sai idan yana ƙarƙashin ginin da ba za a iya taɓawa ba, kuma bayan an yi duk wankin da na lissafa. Ko a nan ma ba busasshen yashi ake zubawa ba. Busasshen yashi tsibi yake yi daidai ƙarƙashin murfi, gefe da gefe su zauna a holoƙo. Kwaɓin yashi da siminti mai ruwa-ruwa ake zubawa, wanda zai malala ya cika ko'ina. Idan aka bar holoƙo, tsatsa za ta cinye saman tankin, wata rana daɓe ya rufta da abin da ke kansa. Idan kuma aka rufe shi fanko, akwai wata matsalar: tankin lita 33,000 nauyin ƙarfensa tan 3 ne zuwa 4, amma ruwan ƙasa idan ya kewaye shi yana tura shi sama da ƙarfin tan 33. A unguwar da ruwa ke kusa, watan Agusta tankin zai iya ɗago kankaren da ke kansa.

Abu na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa, ƙasar wurin. Idan an ɗaga tanki a duba ramin. Jar ƙasa da ta koma toka-toka ko baƙa, tana ƙamshin fetur, alamar yoyo ce. A ɗebi samfur a ƙarƙashin kowane tanki, da inda famfuna suka tsaya, da bin layin bututu, domin mahaɗar bututu ta fi tankin kansa yawan yoyo. A kai ɗakin gwaji a auna yawan mai da sinadarin benzin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a ruwan sha miligiram 0.01 a lita, ka ga ba sai hanci ya ji ba kafin ruwa ya lalace. Ka tambayi maƙwabta masu rijiya ko ruwansu ya taɓa yin ƙamshi. Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta a kawo sabuwa, in ba haka ba tururin zai riƙa bin tsagar daɓe yana shiga shagunan, kuma fetur yana ratsa bututun ruwa na roba idan aka shimfiɗa shi a cikin irin wannan ƙasa.

Shawarata, a yi awon nan kafin a biya, kuma kuɗin cire tankuna ya fita daga cikin farashin filin.

Dattijon Fagge:

Injiniya ya gama magana a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ni zan tambaye ka abu ɗaya, ɗana: me ya kashe gidan man? Domin abin da ya kashe shi zai iya kashe shagunanka.

Gidajen mai iri biyu ne suke mutuwa. Akwai wanda jari ya kashe. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, da aka cire tallafi sai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tankar lita 45,000 da ake ɗaukowa a kan abin da bai kai miliyan 9 ba ta koma sama da miliyan 22, daga baya ma ta ƙara gaba. Mai gidan mai ɗaya tilo da ba shi da banki a bayansa sai ya rufe. Irin wannan wurin lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya gaza. Akwai kuma wanda titi ya kashe, wannan shi ne abin tsoro. An raba titi biyu an sa shinge a tsakiya, wanda ke ɗaya hannun sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu wurin juyawa. Ko an gina gadar sama, motocin da a da suke tsayawa a danja a ƙofar wurin yanzu ta sama suke wucewa a guje. Duk wanda ya san Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro da titin Murtala Muhammad kafin gadoji ya san yadda ciniki ya tashi daga wani gefe ya koma wani. Ko hana acaɓa da aka yi a Kano a Janairun 2013 ya canja inda mutane ke sauka, domin ɗan acaɓa a ƙofar shago yake sauke ka, a-daidaita-sahu kuwa a mahaɗa yake tara fasinja.

Saboda haka ka sa mutum ya zauna a wurin da takarda da biro. Ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, 1 zuwa 2 na rana, da daga Magariba zuwa bayan Isha. Ranar aiki biyu, da Juma'a, da Lahadi. Kada ya ƙirga motocin da ke wucewa, waɗannan ba naka ba ne. Ya ƙirga masu tafiya a ƙasa, da motocin da za su iya rage gudu su shigo ba tare da na baya ya buga su ba. Girman suna ba ya riƙe wuri. Manyan kantunan Kingsway da Leventis da UTC sun yi zamaninsu sun tafi. Shoprite ya zauna a Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, a Janairun 2024 ya rufe reshen Kano. Wapa kuwa sunan silima ne, yau idan ka ce Wapa kowa canjin kuɗi zai kawo a ransa.

Yanzu takardu. Tsofaffin gidajen mai sun sha canja riga, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. BP ya koma AP a 1979 da gwamnati ta karɓe shi, ya koma Forte Oil a 2010, ya koma Ardova a 2020. Esso ya koma Unipetrol a 1976, Unipetrol ya sayi Agip a 2002, aka haɗe su suka zama Oando a 2003, kuma a 2022 kamfanin NNPC ya sayi gidajen man da ke ɗauke da wannan suna. National ya koma Conoil, Texaco ya koma MRS. A da sau da yawa fili na wani attajiri ne, ya ba kamfani haya ta shekaru masu yawa, kamfani ya binne tankunansa ya kafa rumfarsa, ya sa dila. To yau attajirin ya rasu, kamfanin ya canja suna sau uku, amma takardar hayar tana nan a wata durowa. Mai sayar maka zai iya mallakar ƙasar bai mallaki tanki da rumfa ba, ko kuma wa'adin hayar bai ƙare ba. A tambaya a rubuce.

Sauran abin da lauyanka zai bi: ainihin satifiket ɗin fili, ba hoto ba, a kai KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, da ma'aikatar ƙasa a bincika ko an jinginar da shi a banki, da ko ana bin sa harajin fili. Idan na gado ne, a ga takardar rabon gado daga kotu, kuma duk magada su sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. A jikin satifiket an rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Idan gidan mai aka rubuta, sai an nemi izinin canja manufa, sannan KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ta amince da zanen sabon ginin. Dokar filaye ta 1978 ta ce cinikin fili mai satifiket sai da amincewar gwamna, a nemi wannan ma. Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji aikin DPR, tsohuwar hukumar kula da harkar mai, a wannan ɓangare tun 2021, ita ce ke da lasisin gidajen mai, a sanar da ita kafin a tono tankuna. A duba ko KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, yana bin wurin bashi. Kada wani ya ce maka a fara gini takarda ta biyo baya. Wanda ya ga rusau ɗin Yunin 2023 a Daula Otel da kewayen Filin Idi ya san bene mai hawa nawa ne katafila ke iya kwantarwa a dare ɗaya.

Abu Sadiq:

Na gode ƙwarai, Injiniya, na gode Baba. An bincika, titin ba a raba shi ba kuma babu gada kusa, maƙwabta sun ce tun bayan cire tallafi aka rufe. Sai dai an sake yi wa titin kwalta, yanzu ya fi harabar gidan man tudu, kuma an ce ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin rumfar da damina. Wannan fa?

Magini Na Ƙofar Ruwa:

Wannan ita ce cutar duk tsohon gini a bakin titi, Alhaji. Kowane gyara ana ɗora sabuwar kwalta a kan tsohuwa, a ɗaga bakin kwata, titi yana hawa gini yana nan inda yake. Shagon da aka gina da matakala biyu ana hawa, bayan shekara talatin sai ka ga gangarawa ake yi a shiga.

Kafin a zana komai a ɗauki lebur. Ko da tiyo mai ruwa ne, a auna tsakiyar titi, da bakin kwata, da gindin kwata, da daɓen ofis, da kusurwar baya ta filin. Daɓen sababbin shaguna ya fi tsakiyar titi tsayi da ƙafa ɗaya da rabi, don ka bar wa kwaltar da za a ƙara nan gaba wuri. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gindin kwatar gwamnati. Idan harabarka ta fi shi tudu, magudana za ta fitar da ruwa. Idan ta yi ƙasa da shi, duk bututun da ka haɗa ruwan titi zai kawo maka ciki, sai dai a cike harabar a ɗaga ta. A mashiga a yi ɗan tudu da magudana mai murfin ƙarfe, kuma a buɗe kwalbatin a yashe, yawanci cike yake da leda da yashi.

Ramin da tankuna suka bari kada a juye masa tifa goma a lokaci ɗaya. Jar ƙasa ake zubawa inci 6 zuwa 8, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji, sannan a ƙara wani. Ko an yi haka, ni ban yarda a ɗora bango a kansa ba, a bar shi wurin ajiye motoci. Bangon da rabinsa ke kan tsohuwar ƙasa rabi a kan ciko, daidai mahaɗar zai tsage daga ƙasa zuwa linta. Idan dole sai an bi ta kai, injiniya ya zana bim da zai tsallake ramin ya zauna a kan ƙasa mai ƙarfi ta kowane gefe. Kankaren harabar gidan mai yana da kauri, zai ɗauki mota, amma ba harsashin gini ba ne. A fasa shi a haƙa har a taras da ƙasa ta asali. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe, tana tare danshi da gishirin da ke cin gindin bango.

Rumfa kuma daga ƙafa take mutuwa. Sau da yawa bututun ruwan sama ta cikin ginshiƙin yake saukowa, idan ya toshe ruwa ya zauna, ƙarfen ya ci tsatsa ta ciki alhali fenti na sheƙi a waje. A fasa kankaren da ke gindin kowane ginshiƙi a ga farantin ƙarfe da kusoshinsa, a buga guduma a saurari ƙara. A cire silin guda biyu a leƙa sama. Tunda ka ce ruwa na kwanciya a nan, ina zargin ƙafafun. Rumfar da ƙafarta ta ruɓe iskar farkon damina ce ke kayar da ita, kuma a lokacin motocin mutane ne a ƙarƙashi. Walda a jikinta sai bayan an fitar da tankuna.

Ofishin zai moru idan ba a zalunce shi ba. Irin waɗannan gine-gine yawanci bulo mai inci 9 ne ke ɗauke da rufi, babu ginshiƙi. Idan za a haɗe ɗakuna a yi falon cin abinci, a tokare rufin, a zuba bim da ginshiƙi biyu, a bar su su yi ƙwari, sannan a cire bangon. Kada a ɗora masa dekin. A haƙa rami a jikin harsashin a ga zurfinsa da faɗinsa kafin a yi mafarkin bene. Idan silin ko rufin na asbestos ne, a jiƙa shi a cire a ɗaiɗaiku ba tare da an farfasa ba, ƙurarsa tana lalata huhu. Wayoyin wuta a zare su duka a sa sababbi.

Lissafin shaguna: mai ƙafa 10 a 12 da kaurin bango, takwas ne za su shiga baya idan an bar lungu da banɗaki, huɗu a gefe. Amma na baya suna nesa da titi kuma rumfa ta tare su, ba za su yi kuɗin haya ɗaya da na gaba ba. Na gaba na masu waya ne da POS da kemis, na baya na teloli da masu ɗab'i da masu ajiyar kaya.

Maman Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren abinci zan taɓa, don na ga ana shirin sa kicin a cikin tsohon ofis. Kada a yi. Ofishin ya zama wurin zama, kicin a gina shi daban a baya, mai dogon rufi da tagogi a sama. Tuwo da shinkafar taro har yanzu icce ko gawayi ake sa musu a wurare da yawa, kuma hayaƙin idan bai samu bututun da ya wuce rufin shagunan ba, cikin shaddar tela zai shiga. Wata uku ba za a yi ba sai an kai ƙara wurin mai gida.

Tukunyar gas mai kilo 50 a waje take zama, cikin keji mai shan iska, a inuwa. Gas ɗin girki ma ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo rami yake nema. To ga ramin juyen mai nan a gefe, ga ramukan murfin tanki. A cike su duka kafin a kawo tukunya ko ɗaya. Tiyo da kan tukunya a riƙa gwada su da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yoyon.

Abin da ke kashe magudanar gidan abinci maiƙo ne. Man ja da kitsen nama suna tafiya da ruwan zafi, su daskare a bututu, wata biyu sokawe ya toshe, wari ya kori masu ci, duba-gari su zo. A gina ƙaramin rami mai ɗaki uku tsakanin wurin wanke-wanke da sokawe, maiƙon ya taso sama a ɗaki na farko a riƙa kwashewa duk mako. Bututun ya zama mai inci 4, da gangara sosai. Rijiyar burtsatse kuma kada a haƙa sai sakamakon gwajin da Injiniya ya faɗa ya fito. Kafin nan a sayi ruwan tanka.

Sai a yi tunanin girman falon. Zamanin da Mr Bigg's ya buɗe a 1986 ya bazu a garuruwa, babban falo mai sanyi shi ne abin yayi, kuma rassa da yawa sun rufe tun tuni. Yanzu kuɗin wuta ya hana. A Afrilun 2024 an kai layin Band A, wato wanda ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, dizal kuwa tun 2022 ya ninka. Falo mai kujera 60 da na'urar sanyaya ɗaki huɗu ribar abincin yake cinyewa. Yawancin ciniki yanzu a ƙunshe ake tafiya da shi, ko a yi waya yaro ya kai a babur. A yi kujera 20 zuwa 24, a keɓe gefe da labule don mata da iyali, a buɗe taga ta waje don masu saye su tafi. Firiza a sa mata sola. Wanda zai karɓi hayar kuma a tuna masa watan azumi, cinikin rana yana tsayawa cak, sai na buɗa-baki da sahur. Da yamma ƙarƙashin rumfar zai iya kawo kuɗi daga mai tsire da mai shayi da mai gurasa, su ne ma ke jawo mutane wurin bayan Isha, amma duk masu wuta ne, sai tankuna sun fita.

Ɗan Depo:

Ni ina da ja kaɗan, tare da girmama manya. Tunda Alhaji ya ce jari ne ya kashe wurin ba titi ba, me ya sa za a yi gaggawar tone tankuna? Filaza ta cika gari, ko'ina ka duba shaguna ne a rufe an rubuta lambar waya a ƙofa. Amma fili mai satifiket ɗin gidan mai a bakin babban titi a cikin gari ba ya samuwa da sauƙi yanzu, domin sabon izini sai an duba tazara da makaranta da asibiti da gidajen mutane, kuma gari ya riga ya cushe. Ranar da ka canja manufar filin, dawowa da ita abu ne mai wuya.

Manyan 'yan kasuwar mai masu motocinsu suna karɓar irin waɗannan wurare haya ta shekara biyar ko goma, su gyara da kuɗinsu, su sa fentinsu. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 harkar ta sake salo, ga kuma masu neman wurin sayar da gas ɗin girki da na mota. Ana iya barin man a gaba, a yi 'yan shaguna huɗu ko biyar a baya na kayan da ba ruwansu da wuta, kamar man juye da taya da kayan masarufi. Gidan abinci mai murhu ne kawai zai fita daga lissafi. A gwada tankunan tukuna, idan suna riƙe matsi a sa lissafin biyu a kan tebur a gani.

Injiniya Gwale:

Maganarka tana kan hanya, Ɗan Depo, kuma ta cancanci a lissafa. Sharaɗi biyu zan ƙara. Gwajin matsi ba a yin sa da injin hura taya a tankin da ke da tururin fetur, iska kake ƙara wa abin da ke jiran iska. Da ruwa ake yi ko da iskar naitirojin, matsin kada ya wuce 5 a ma'aunin matsi na psi, kuma a gwada bututan daban da tankin, in ba haka ba ba za a san wanne ke yoyo ba. Na biyu, tankin ƙarfe mai bango ɗaya da ya yi shekara biyu a zaune da ruwa a gindinsa yana cin tsatsa ta ciki, daidai layin da ruwan ya kwanta. Zai iya cin gwajin yau ya huje baɗi. A tambayi shekarar da aka binne su, kuma mai karɓar haya ya rubuta cewa gyaran ƙasa a wuyansa yake idan aka samu yoyo a zamaninsa.

Ko wanne aka zaɓa, Malam Abu Sadiq, haƙan a yi shi tsakanin Nuwamba da Maris. Ramin tanki zurfinsa ya kai ƙafa 12 ko fiye, da damina gefensa yana zubewa, kuma katangar maƙwabci tana kusa.